Jego a Abuja: ciwon damuwar da ke shigowa bayan an watse daga suna

A Kano ko Katsina, idan mace ta yi haihuwar fari, akan mayar da ita gaban iyayenta wankan gida. Kwana arba'in tana hannun uwa ko goggo: a dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa, a karɓi jinjirin ta samu ta runtsa. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi kan illar kanwa da ruwan zafi ga zuciya, amma al'adar na da wani alheri da ba a cika lissafa shi ba: ba a barin mai jego ita kaɗai.

A Abuja kuwa, washegarin suna dangi ke kama hanya, domin gidan haya mai ɗaki biyu ba ya ɗaukar baƙi. Maigida ya bar Kubwa ko Nyanya tun asuba don ya tsere wa cunkoso, ba ya dawowa daga Sakatariyar Tarayya sai bayan magariba. Tsakanin nan, daga ita sai jariri da bango huɗu.

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, sukan wuce cikin mako biyu. Idan suka zarce, barci ya gagara ko da jaririn ya yi shiru, abinci ya fita ranta, ta riƙa ganin ba ta cancanci zama uwa ba, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 20 cikin 100 na masu jego na fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa, akasari wannan ciwo. Sai dai a wajenmu akan ce iska ce ko sammu, ko a ce ta raina kyautar Allah, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

A watan Satumban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun haihuwa na kwanakin aiki 14 ga maza ma'aikata. A ganina, wanda ya ƙarar da shi wajen neman ragon suna da sallamar baƙi ya yi asararsa. Hutun na raba dare ne da mai jego, da lura da yanayinta.

Ciwon yana da magani. Akwai ma'aunin Edinburgh, tambayoyi 10 da aka tsara a 1987, wanda za a iya cikewa cikin mintuna kaɗan a ranar rigakafi. Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada suna da likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma magungunan da mai shayarwa za ta iya sha bisa umarnin likita. Idan ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, ko tana jin muryoyin da babu su, a ranar ake kai ta asibiti, ba a jiran ƙarshen mako.