Ko Kun Sani? Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Shaida Fuska

Ko kun san cewa hanyar da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke bi wajen shaida fuska ta sha bamban da wadda take bi wajen gane tukunya ko kujera? Masana sun tabbatar cewa, alhali kuwa sauran abubuwa galibi ta sassansu ake gane su, ita fuska gaba ɗaya hankali ke ɗaukarta, ido da hanci da baki da tazarar da ke tsakaninsu, har ya rarrabe ta da waninta kafin kashi ɗaya bisa biyar na sakan ya cika. A 1997 wata malama a Amurka, Nancy Kanwisher, ita da abokan aikinta, suka bayyana wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, akasari a ɓangaren dama, wanda ya fi himma idan an ga fuska.

Hujjar da ta fi ban al'ajabi, a ganina, ita ce ta Peter Thompson na Jami'ar York a Ingila, wanda a 1980 ya ɗauki hoton Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta wancan lokaci, ya birkice idanu da baki, sa'an nan ya juya hoton kai ƙasa. Mai kallo da ƙyar ya lura da wani aibi, amma da zarar an miƙar da shi sai ga halitta abar tsoro. Wanda kuwa lalura ta taɓa masa wancan yanki na ƙwaƙwalwa, yana iya karanta rubutu sarai, amma ya kasa shaida matarsa sai ta yi magana.