SA ZUCIYA DA LAFIYAR JIKI: ABIN DA WANI MASANI YA GANO

 A cikin shirinmu na yau za mu duba wata tambaya wadda ta shafi kowane gida: ashe tunanin da mutum yake yi a kan gobe yana da nasaba da lafiyar jikinsa? Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a ƙasar Amurka wanda ya ba da shekaru masu yawa yana bin diddigin wannan tambaya. Sunansa Charles Carver. An haife shi a shekarar 1947, ya koyar a Jami'ar Miami daga 1975, ya rasu a 2019. Yawancin aikinsa ya yi shi ne tare da abokinsa Michael Scheier na Jami'ar Carnegie Mellon.

Tushen koyarwarsu mai sauƙin ganewa ne. Kowane mutum yana da abin da ya sa a gaba, kamar manomi da girbi, ko majinyaci da warkewa. Sa'ad da ya gamu da cikas, yakan tsaya ya auna ko akwai alamar nasara. In ya ga akwai, sai ya ci gaba da ƙoƙari ko da aikin ya yi wuya. In kuwa ya tabbata a ransa cewa ba za a dace ba, sai hannunsa ya yi sanyi, ya janye. Saboda haka mai kyakkyawan zato da mai mugun zato suna iya ɗaukar kaya iri ɗaya, amma ɗaya ya kai gida, ɗaya ya yar a hanya.

A shekarar 1985 suka fitar da wata gajeriyar takardar tambayoyi da ake kira LOT, domin a auna yadda mutum yake sa rai ga alheri a rayuwarsa, suka kuma gyara ta a 1994. A 1989 suka fitar da wata mai suna COPE, wadda take auna abin da mutum yakan yi in wahala ta zo: ko ya zauna ya yi shiri, ko ya nemi shawara, ko ya yi musun abin da ya faru, ko ya koma ga shaye-shaye, ko ya juya ga addininsa. Daga baya Carver ya taƙaita ta, ya gwada ta a kan mutanen da guguwar Andrew ta yi wa ɓarna a jihar Florida a 1992.

Bari mu duba bincike biyu. Na fari, wanda aka buga a 1989, ya shafi maza 51 da aka yi wa tiyatar zuciya, watau irin wadda ake ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a kewaye wadda ta toshe. An auna su kafin aikin. Masu kyakkyawan zato sun fi saurin murmurewa a asibiti, sun fi saurin komawa harkokinsu na kullum, bayan wata 6 kuma sun fi jin daɗin zamansu. Mene ne dalili? An lura cewa su ne suka fi yin shiri da sa wa kansu abin da za su cim ma bayan tiyata, ba su kuma cika yin musun halin da suke ciki ba.

Na biyu, wanda aka buga a 1993, ya shafi mata 59 masu ciwon daji na nono wanda aka gano da wuri. An yi hira da su kwana ɗaya kafin tiyata, da kwana 10 bayanta, sa'an nan bayan wata 3, da 6, da 12. Abubuwa uku da matan suka fi yi su ne amincewa da gaskiyar ciwon, da neman wani abin alheri a cikin halin da suke ciki, da dogara ga addini. Waɗanda suka amince cewa ciwon yana nan, har suna iya yin raha a cikinsa, su ne suka fi samun sauƙin damuwa daga baya. Waɗanda suka yi musu, ko suka fid da zuciya suka daina ƙoƙari, damuwarsu ta fi yawa.

A nan ne muke so mu ɗan dakata, gama wannan ya shafe mu ƙwarai. Mutane da yawa suna tsammani mai sa zuciya shi ne wanda yake rufe ido ya ce ba kome. Binciken ya nuna akasin haka. Mai sa zuciya yakan dubi ciwon ido da ido, ya kira shi da sunansa, ya tambayi likita abin da ya kamata ya yi. A cikin ikilisiyoyinmu akan sami wanda likita ya faɗa masa yana da hawan jini ko ciwon sukari, sai wani ya ce masa kada ya ambaci sunan ciwon da bakinsa, wai yin haka rashin bangaskiya ne. Sai ya daina shan magani, ya daina zuwa awo. Ko mace ta ji ƙullutu a nononta ta ɓoye har wata da watanni. 'Yan'uwa, irin wannan musu ya sa mun binne mutanen da ya kamata a ce suna tare da mu a sujada yau. Manzo Bulus a cikin Romawa sura 5 ya haɗa bege da shan wahala da jimrewa, bai kuwa koya mana mu ce wahalar ba ta nan ba.

Wasu masu bincike sun ci gaba da wannan aiki. A 2009 aka buga wani bincike a kan mata fiye da 97,000 a Amurka, waɗanda aka bi kimanin shekara 8. Masu kyakkyawan zato sun fi ƙarancin ciwon zuciya, mace-mace kuma sun fi kaɗan a cikinsu. Amma sai mu yi hankali. Wannan lissafi ne na jama'a mai yawa, ba alkawari ba ne ga mutum ɗaya. Kyakkyawan zato ba ya narkar da ciwon daji, ba ya buɗe jijiyar da ta toshe. Kada fa wani ya je gaban gadon majinyaci ya ce masa rashin sa zuciyarsa ne ya hana shi tashi. Wannan ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya gaji.

Akwai darasi ɗaya kuma. Carver da Scheier, tare da Carsten Wrosch, sun nuna a 2003 cewa in abin da mutum yake nema ya gagara sam, sakinsa da kama wani abu mai amfani yana kawo kwanciyar rai. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da gona yana iya koya wa jikokinsa karatu. Haɗarin yana wurin wanda ya saki na fari bai kama kome ba.

To, me za mu yi? In mun je gaida marar lafiya, mu yi addu'a tare da shi, mu kuma tambaye shi yaushe zai koma asibiti, da wanda zai raka shi, da ko kuɗin magani ya samu. Mu taimake shi ya sa wa kansa ƙaramin abu da zai cim ma a makon nan, ko da tafiya ce zuwa bakin ƙofa. In ya yi dariya, mu yi tare da shi. Zumuntar mata da ta maza da ta matasa, wannan aikinku ne.

Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta karɓi gaskiya, ta kuma riƙe bege. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Ku huta lafiya. Amin.