Yadda Ferguson ya riƙa sabunta Manchester United

A tsakiyar shekarar 1995 ne Alex Ferguson ya sayar da manyan 'yan wasan Manchester United uku, wato Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis.

Maimakon ya sayo madadinsu, sai ya dogara ga matasan da ƙungiyar ta rena, irin su David Beckham da Paul Scholes.

Ya sha suka bayan da Aston Villa ta doke su da ci 3-1 a wasan farko, amma a 1996 suka ɗauki kofin Premier da na FA.

Dabararsa ita ce rabuwa da ɗan wasa tun tauraruwarsa ba ta dushe ba, ko da magoya baya za su yi gunaguni. Shi kansa Beckham bai tsira ba, domin a 2003 aka sayar da shi ga Real Madrid.