Kafin Ka Yanke Salansa: Yadda Ake Gane Ciwon Indomie Da Na Sansa

Idan kana da tsohuwar a-kori-kura mai shan fetur, irin Hilux ɗin da ke jigilar masara da dawa daga Tsafe ko Bunguɗu zuwa Gusau, wataƙila ka san wannan matsala: mota ta fara zuƙar mai, ƙarfinta ya ragu, ga 'yar fitilar inji ta kama a gaban sitiyari. Kana shiga gareji sai ka ji an ce, "Alhaji, indomie ce, a cire ta a huta." Dakata tukuna, mu bi abin daki-daki.

Inji yana ƙona fetur ne tare da iska, bisa ma'auni: kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Kwamfutar motar ce ke riƙe da wannan ma'auni, amma ba ta ganin cikin inji. Don haka aka ɗaura mata sansa a jikin salansa, tana auna iskar oksijin da ta rage a hayaƙi. Ka tuna uwargida a bakin murhu: ta ɗanɗana miya, ta ƙara gishiri ko ruwa, ta sake ɗanɗanawa. Sansa ita ce harshen, kwamfuta kuma hannun da ke ƙara fetur ko rage shi. In harshen ya mutu, sai hannun ya dinga zubawa da ka.

Daga nan hayaƙin ya wuce cikin indomie, wata tukunyar ƙarfe mai ɗauke da tangaran mai ƙananan ramuka, an shafe shi da ma'adinai masu tsada: falatinam, faladiyam da rodiyam. In ta ɗauki zafi, sai ta mayar da gubar hayaƙi ta zama mai sauƙin illa. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da sansa ta biyu bayan tukunyar, aikinta ta shaida ko indomie tana aiki.

To, yanzu gwaji. Mataki na farko, a sa wa motar na'urar karanta kwamfuta. P0420 na nufin indomie ba ta tacewa yadda ya kamata. P0135 na nufin na'urar ɗumama sansar gaba ta samu matsala. P0171 fetur ya yi kaɗan, P0172 ya yi yawa. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: lambar tana nuna inda za a duba ne, ba ta yanke hukunci ba.

Mataki na biyu ba ya cin ko sisi. Da safe, inji na sanyi, ka tayar ka saurara. Ƙaramar huda a salansa kafin sansa tana shigar da iskar waje, sansa ta aika da labarin ƙarya. A duba wayoyinta ma, don zafi da gargadar hanya suna cin su.

Mataki na uku, in inji ya yi zafi, a kalli karatun sansoshin biyu. Ta gaba, tsohon samfuri, tana hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9, in ta tsaya cik ko tana jan jiki, ta gaji. Wasu Toyota suna da wani samfurin da karatunsa daban yake, don haka a tabbatar da irin taka. Ta baya kuwa ya kamata ta natsu. In ka ga tana tsalle daidai da ta gaba, hayaƙi yana fita yadda ya shiga ke nan, indomie ta daina aiki.

Mataki na huɗu na toshewa ne. Alamarsa, motar tana lafiya a tsaye, amma ka ɗauko kaya ka nufi Kwatarkwashi, ka taka totur ta ƙi amsawa. Makanike ya kwance sansar gaba na ɗan lokaci, hayaƙi ya samu mafita. In ƙarfi ya dawo, tukunyar ta toshe. In kuma an ƙwanƙwasa ta a sanyi aka ji ƙarar tsakuwa, tangaran ɗin ya farfashe.

Ga abin da na fi so ka tafi da shi: da wuya indomie ta mutu haka kawai, kashe ta ake yi. Fulogi mai fashi yana tura ɗanyen fetur cikinta, ya ƙone a can har tangaran ya narke. Injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto yana lulluɓe ma'adinan. Gurɓataccen fetur ma haka. Ka sa sabuwa ba ka gyara waɗannan ba, ita ma za ta bi sawun tsohuwar.

Cire indomie kuwa ba magani ba ne. Fitilar za ta ci gaba da kamawa, shan man da sansa ta jawo yana nan, hayaƙin kuma kai da yaron motarka da masu talla a tasha ne za ku shaƙa. In har indomie ta mutu aka canza ta, ka karɓi tsohuwarka a hannu, don ma'adinan cikinta kuɗi ne. Ka fara da waya da huda, sannan fulogi, sannan sansa. Indomie ce ta ƙarshe a layi, domin ita ta fi tsada.