Duwatsun Shere Da Tafkunan Kuza Na Jos

Ma'aikacin da aka tura Jos taro, ko ɗalibin da ya je hutu, yakan ƙare kwanakinsa tsakanin masauki da kasuwar Terminus, ya koma gida yana cewa ya ga Jos. Alhali kuwa abin kallon yana gabas da gari, inda duwatsun Shere suka tokare sama.

Shi garin Jos kansa yana bisa tudu ne, wajen mita 1,200 daga doron teku. Ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829, wato ƙafa 6,000, ba kuwa inda ya fi ta tsawo a duk tsaunin Filato. Mai niyyar hawa sai ya yi sammako, domin hantsi na dubawa duwatsun sukan ɗau zafi. Turbar takan ratsa gonakin acca da na dankalin Turawa na mutanen Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, a tsakanin shingayen ƙerana. Kada mutum ya kuskura ya dafa shingen nan, gama ruwan ƙerana idan ya shiga ido ba ya da daɗi ko kaɗan. Daga nan sai falalen duwatsu da manyan curi waɗanda suka hau kan juna, kamar da hannu aka ɗora su. A nan ne akwai makarantar horon shugabanci da ake kira Man O' War, inda ake koya wa matasa hawan dutse da igiya. Baƙo ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya kuma gaida masu gona kafin ya taka musu kunya.

Da damina dutsen yana da santsi, ga kuma tsawa. Hadari na haɗowa, sauka ita ce dabara. Da hunturu kuwa sai rigar sanyi.

Wanda ya kai bisa ya duba ƙasa zai hangi ruwaye suna walƙiya nan da can. Waɗansu madatsai ne, kamar na Lamingo da ke ba gari ruwan sha. Amma galibinsu ramukan haƙar kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga tonon ƙasar nan, suka yi shekaru suna yi, har kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985. Ramukan da aka bari ba a cike ba, su ne ruwan sama ya mayar tafkuna. Na Rayfield ma har an mai da shi wurin shaƙatawa.

Yawo a gefen waɗannan tafkuna da la'asar sakaliya abu ne mai sanyaya rai, sai dai a nan ne baƙi suka fi yin ganganci. Ramin kuza ba ya da gaɓa irin ta kogi wadda mutum zai bi sannu sannu. Taku biyu daga baki sai zurfi, ƙarƙashi kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ruwan yana da sanyin da ke sandarar da gaɓoɓi, bakin ramin kuma yakan zabtare bayan ruwan sama. An sha rasa rayuka a cikinsu, har da na ɗaliban da suka je yawon buɗe ido suna ganin sun iya iyo. Malamin da ya ɗauko yara zuwa irin wannan wuri, wajibi ne ya ƙidaya su kafin a isa bakin ruwa, ya sake ƙidayawa kafin mota ta tashi.