Lissafin Gudun Dawaki A Kwamfuta: Ilimi Ne, Amma Ba Gona Ba Ce

Duk wanda ke ratsa titunan Yamai ko Garwa ko Yawunde da hantsi, ba zai rasa ganin samari da magidanta sun yi cincirindo a bakin rumfunan PMU ba, kowa da takarda da alƙalami, ana ta tafka muhawara a kan dawakin da za su yi tsere a Faransa, dawakin da babu wanda ya taɓa jin ko haniniyarsu a cikinmu. A da takardar hasashe ake saye. Yanzu kuwa an samu masu tallar manhajar kwamfuta da ta waya, suna cewa wai na'ura ta auna gudun kowane doki ta ba shi maki, saboda haka saura kwasar kuɗi kawai. Tun da yake maganar ta shafi aljihun 'yan'uwanmu, mun ga ya dace mu warware wa masu karatu asalin wannan lissafi, da yadda ake yin sa, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Asalin makin gudu

Wannan ilimi a Ingila da Amurka ya girma. A shekarar 1948 wani Bature mai suna Phil Bull, wanda shi ma malamin makaranta ne da ya karanci lissafi, ya kafa kamfanin Timeform a Ingila, yana ba kowane doki maki gwargwadon bajintarsa. A Amurka kuma ɗan jaridar nan Andrew Beyer ya fitar da littafinsa Picking Winners a 1975, inda ya bayyana hanyar mayar da lokacin da doki ya yi a tsere ya zama lamba guda.

Tambayar da suke son amsawa mai sauƙin faɗa ce. Dawaki biyu ba su taɓa karawa ba, kowanne ya yi gudu a fili daban, a rana daban, a nisa daban. To wanne ya fi gudu? Agogo kaɗai ba ya raba wannan gardama, domin fili ba kullum yake ɗaya ba. Wata rana ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙafar doki na tashi da sauƙi. Wata rana ruwa ya jiƙa ta, ko an zuba sabon rairayi, kowane doki sai ya yi nauyi.

Bari mu kawo misali irin na allo. A ce doki na farko ya yi mita 1200 cikin minti 1 da daƙiƙa 10 ran Asabar, na biyu kuma ya yi wannan nisa cikin minti 1 da daƙiƙa 11 ran Lahadi. Mai gaggawa zai ce na farko ya fi. Amma mai lissafi yana da jadawalin lokacin da dawakin kowane aji suka saba yi a wannan fili, wanda ya tara daga tseren shekaru. Sai ya duba duk tseren Asabar ya tarar kowanne ya fi yadda aka saba sauri da daƙiƙa guda, wato filin ne ya taimaka. Ya duba na Lahadi ya tarar kowanne ya yi jinkirin daƙiƙa guda. Idan ya gyara, na farko ya koma 1 da 11, na biyu ya koma 1 da 10. Ashe na biyun ne gwani. Mu malamai mun san irin wannan, domin yaron da ya ci 60 a jarrabawar da kowa ya faɗi ya fi wanda ya ci 70 a jarrabawar da kowa ya haye.

Bayan wannan gyara sai a mayar da lokacin ya zama maki. Dawakin da suka zo a baya kuma a rage musu gwargwadon tazarar da aka ba su, bisa tsohuwar ƙa'idar cewa tsawon doki guda daidai yake da kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. A ma'aunin Beyer dokin da ya haura 100 ya shiga sahun manya. Ghostzapper ya samu 128 a 2004, Flightline kuma ya samu 126 a 2022. A ma'aunin Timeform, wanda lissafinsa daban ne, Frankel ya kai 147 a 2012.

Makin rabon ƙarfi

Sai dai lokacin ƙarshe ba ya faɗin yadda aka yi tseren. Doki ba mota ba ne, ƙarfinsa ƙayyadadde ne, in ya ƙarar da shi tun farko babu inda zai aro wani. Saboda haka a Amurka ake ɗaukar lokaci a kowane zango: rubu'in mil na farko, wato kimanin mita 400, da rabin mil, har zuwa ƙarshe. Daga nan aka samo maki na biyu, wanda ke nuna yadda doki ke raba ƙarfinsa. Howard Sartin da almajiransa sun yi suna a wannan fanni a shekarun 1980, suna mayar da kowane zango zuwa yawan ƙafar da doki ke ci a daƙiƙa guda, kuma ɗaya daga cikinsu, Tom Brohamer, ya wallafa littafi a kai a 1991.

Sun kasa dawaki gida uku: mai ɗokin gaba, da mai bin sawun na gaba, da mai laɓewa a baya sai an gaji ya taso. In mai ɗokin gaba shi kaɗai ne a tsere, zai yi tafiyarsa a natse ya adana ƙarfi, kama shi sai an sha wuya. In kuwa sun kai uku ko huɗu, sai su gajiyar da juna, na baya ya zo ya tsinci dami a kala.

Haka ta faru a gasar Kentucky Derby ta 2022. Na gaba sun cinye rubu'in farko cikin daƙiƙa 21.78, rabin mil kuma cikin 45.36, gudun da ya yi yawa ga tseren da ya kai mita 2000. Dokin da ya ja gaba da farko, Summer Is Tomorrow, shi ya zo na ƙarshe cikin 20. Rich Strike kuwa, wanda bai samu gurbi ba sai ana gobe tsere saboda wani ya janye, ya taso daga can baya ya ratsa su ya ci. Wanda ya sa masa dalar Amurka 2 ya karɓi 163.60, shaidar cewa kusan kowa ya raina shi. A wannan gasa dai, a 1973, Secretariat ya yi abin da ya saɓa wa al'adar doki: kowane rubu'i ya fi na bayansa sauri, daga daƙiƙa 25.2 zuwa 24, zuwa 23.8, zuwa 23.4, ya rufe da 23. Jimilla minti 1 da daƙiƙa 59.4, kuma har yau ba a karya wannan tarihi ba.

Abin da kwamfuta ta ƙara

Duk wannan aiki da hannu ake yin sa a da, mutum ya kwana yana tarawa da rabawa. Kwamfuta ba ta kawo sabuwar hikima ba, sauri ta kawo. Tana haɗiye sakamakon dubban tsere, ta fitar da gyaran fili, ta jera makin kowane doki, ta zana yadda ake zaton tseren zai kasance, sa'an nan ta ce wannan doki yana da damar ci kashi 30 cikin ɗari, wancan kashi 12. Mu lura da kyau: dama take faɗa, ba ta faɗin wanda zai ci. Dokin da aka ba kashi 30 zai faɗi sau bakwai cikin goma, kuma na'urar ba ta yi ƙarya ba.

Masu talla suna son ambaton Bill Benter, Ba'amurken da ya tafi Hong Kong a tsakiyar shekarun 1980 ya gina irin wannan manhaja, ya kuma tara dukiya mai ɗimbin yawa. Gaskiya ne. Abin da ba su faɗa shi ne, da asara ya fara, ya shafe shekaru yana gyara, yana da jari da ma'aikata, kuma Hong Kong filaye biyu gare ta kacal, Happy Valley da Sha Tin, inda dawaki ƙayyadaddu ke ta karawa da junansu. A rahoton da ya rubuta a 1994 ya nuna cewa lissafinsa bai yi ƙarfi sosai ba sai da ya haɗa shi da farashin da jama'a suka sa wa kowane doki. Wato taron masu zuba kuɗi ma ba wawaye ba ne.

Inda gizo ke saƙa

Tsarin da ake bi a wannan caca, wanda Joseph Oller ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1860, shi ne a tara kuɗin kowa a tukunya guda, mai tukunya da gwamnati su yanki rabonsu, sauran a raba wa waɗanda suka dace. Ke nan ba da doki kake karawa ba, da maƙwabcinka kake yi. Ilimi ba zai ba ka riba ba sai in kai kaɗai ka san shi. Beyer da irinsa sun ci moriyar makinsu lokacin da yake sirri a littafin aljihunsu. Tun daga 1992 da jaridar Daily Racing Form ta fara buga makin ga duk mai kuɗin jarida, sai jama'a suka rufar wa doki mai babban maki, ladan cinsa ya ragu. Manhajar da ake sayar wa mutum dubu goma ita ma haka take. In da tana haƙo zinariya, mai ita ba zai sayar da ita jaka biyu ba.

Ga kuma yankan mai tukunya. A Amurka yana kamawa daga kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan zaɓin doki guda, ya fi haka a kan zaɓin dawaki da yawa. A ce ana yankar kashi 25. Mutanen unguwa suka zuba jaka ɗari, 75 za su dawo. Suka mayar da ita gobe, 56 za su dawo. Jibi 42, gata bai kai 32 ba. Kwana huɗu kacal, sama da kashi biyu cikin uku na kuɗin unguwa sun tafi, ko da kowa yana riƙe da kwamfuta.

Sa'an nan wasan da mutanenmu suka fi so shi ne mafi wuya. A tseren dawaki 16, hanyoyin jera uku na farko daidai sun kai 3,360. Na jera biyar kuwa, wato Quinté da aka fara a Faransa a 1989, sun kai 524,160. Ƙari a kan haka, makin Beyer don filayen ƙasa na Amurka aka gina shi, inda ake fita da gudu tun daga ƙofa. A Faransa yawanci a kan ciyawa ake yi, mahaya su tafi a hankali sai an doshi ƙarshe su saki linzami, don haka lokacin ƙarshe ba ya nuna gwanintar doki sosai. Da yawan tseren kuma na daidaita nauyi ne, inda da gangan ake ɗora wa gwani kaya don a rage masa fifiko. A tseren sassarfa irin na Vincennes, dokin da ya ɓalle da sukuwa korar sa ake yi, komai kyan makinsa.

Me ya rage mana?

Mu Hausawa ba baƙin doki ba ne, hawan salla da sukuwa gadonmu ne, kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar ya tabbatar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina. Tsere halal ne. Caca kuwa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta yanke hukuncinta, kuma kwamfuta ba ta wanke ta.

Ilimin kansa ba shi da laifi. Mai doki da ya riƙe agogo da littafi, yana rubuta lokacin kowane zango da yanayin ƙasa, zai gane nisan da ya dace da dokinsa, zai kuma hana mahayi ƙone shi tun farko. Malamin lissafi zai samu misalan matsakaici da kaso da yiwuwa waɗanda yara za su saurara baki buɗe. Saurayin da ya iya bin diddigin dawaki 16 da makinsu yana da kan da zai riƙe littafin kanti ko ya koyi rubuta manhaja da kansa. Muna kira ga iyaye da limamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa da su zauna da waɗannan samari su yi musu lissafin tukunyar nan a fili, domin wanda wa'azi bai ratsa ba wataƙila alƙaluma su ratsa shi. Garin neman gira kada a rasa ido, kuɗin cefane da na makarantar yara ba na gwaji ba ne. Allah Ya ba mu abin yi na halal, Ya sa albarka a cikinsa, amin.