Farfaɗo Da Tsohuwar Motar Soja: Aikin Sufana Da Aikin Takarda

A cikin shekarar 1980 ne aka tsinci wata tsohuwar motar soja ƙirar Chevrolet a yashe cikin hamadar ƙasar Masar, wajen shekara 40 bayan da masu ita suka tafi suka bar ta. Rana da rairayi sun ci jikinta, amma busasshiyar iskar hamada ta hana tsatsa ta gama da ita. A shekarar 1983 aka ɗauko ta, kuma a yau tana ajiye a gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke birnin Landan.

Ragowar rubutun da ke jikinta shi ya bayyana asalinta. Sunanta Waikaha, lambarta kuwa W8, watau tana cikin motocin rundunar sintirin hamada da Manjo Ralph Bagnold ya kafa a Masar a 1940, wadda aka sani da Long Range Desert Group. Sojojin ƙasar New Zealand ne suka fara tuƙa waɗannan motoci, suna raɗa musu sunaye da harshen Maori. Wannan runduna ce ta haɗa kai da sojojin Faransa da suka taso daga Chadi, suka kai hari Murzuk ran 11 ga Janairu, 1941, garin da fataken Kano suka daɗe suna yada zango a cikinsa kan hanyarsu ta zuwa Tarabulus.

Hukumar gidan tarihin ba ta yi wa motar sabon fenti ba, ba ta kuma tayar da injinta ba. Ta bar ta yadda aka same ta, domin da an kankare jikinta da shaidar ta tafi. Wannan shi ne darasi na farko ga duk mai niyyar farfaɗo da irin waɗannan motoci: aikin iri biyu ne, na sufana da na takarda, kuma wanda ya yi gaggawa a na farko yakan ɓata na biyu.

Motocin Da Suka Ɗauki Yaƙi

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, ya ci motoci ba kaɗan ba. Kamfanin Vauxhall da ke Luton a Ingila ya ƙera fiye da 52,000 na motar Bedford QL tsakanin 1941 da 1945, mota mai ɗaukar tan 3 wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. Ƙasar Kanada ta ƙera motocin soja sama da 800,000, galibi a masana'antun Ford da Chevrolet, bisa tsarin da sojan Ingila suka nema, shi ya sa sitiyarinsu yake dama. Amurka kuwa ta fitar da fiye da 560,000 na babbar motar nan GMC CCKW mai ƙafa shida.

Sojojin Nijeriya ba baƙi ba ne a cikin wannan labari. Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu, 1941, daga nan ta bi sawun sojojin Italiya a cikin motoci, ta ci fiye da mil 700 cikin kwana 17 har Jijiga a ƙasar Habasha. Bayan yaƙi an yi gwanjon ɗimbin motocin soja a ƙasashe da dama, suka koma jigilar katako da amfanin gona, yayin da tsofaffin sojoji da yawa da suka koyi tuƙi da kanikanci a bariki suka riƙe su sana'a.

Kafin A Taɓa Noti

Masu wannan aiki sun yi ittifaƙi a kan cewa ba a fara shi da guduma. Da farko ana ɗaukar hoton motar ta kowace fuska, a rubuta duk lambar da aka gani: wadda aka buga a kan ƙarfen shasi, da ta injin, da ta ɗan farantin da masana'anta ta manna a cikin gidan direba, wanda sau da yawa yakan nuna lambar kwangilar da aka sayi motar a ƙarƙashinta.

Daga nan sai a koma kan fenti. Ana samun takardar yashi mai laushi, a jiƙa ta da ruwa, a riƙa goge ƙofa da bonet da gaban mota a hankali, shimfiɗa bayan shimfiɗa, ana ɗaukar hoto a kowane mataki. Launin da ya fito shaida ne. Sojan Ingila sun shiga yaƙi da kore mai ɗaukar kaki, suka koma ruwan ƙasa a 1942 saboda ƙarancin sinadarin da ake haɗa koren, sa'an nan a 1944 suka ɗauki kore irin na Amurka. Motar da ta yi aiki a hamada kuwa launin rairayi ake shafa mata. Saboda haka jerin fenti kaɗai yana iya nuna shekarun da mota ta yi aiki da kuma ɓangaren duniyar da ta zaga.

Aikin Gareji

Bayan an gama tattara shaida ne ake warware motar har sai shasi ya rage tsirara. Ana duba shi ko ya karkace ko ya tsage, a kankare tsatsa, a yi walda inda ya kamata. Injin da ya shekara 30 ko 40 bai juya ba yakan ƙafe, don haka ana cire fulogogi a zuba mai a bar shi ya jiƙa mako da makonni, maimakon a tilasta shi a karya fistin. Lagireto da kafireto da giyabos kowanne ana buɗe shi a wanke. Wayarin da robobin birki kuwa ba a yi musu rangwame, sababbi ake sakawa, domin mota mai nauyin tan da yawa da birki marar tabbas makami ce a kan titi. Katakon bodi ma galibi gara da ruwan sama sun riga sun cinye shi, sai kafinta ya auna ragowar ya sassaƙa irinsa.

Akwai haɗarin da ba kowane makaniki ya san da shi ba. Tsohon fenti yana ɗauke da dalma. Fatun birki da na kuloci na wancan zamani an yi su da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Wasu agogunan gaban mota an shafa musu sinadarin radiyom don su yi haske da dare, kuma har yanzu yana da illa. Ƙarfen taya mai rabuwa biyu kuwa ya sha kashe mutane idan aka kwance shi alhali akwai iska a ciki. Har ila yau, notuna da kusoshin duk na ma'aunin inci ne, sufanar milimita ba ta kama su daidai, sai dai ta cinye musu kai.

Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a gyara abin da zai gyaru, a musanya abin da ya zama dole, a ajiye tsohon a gefe da takarda a ɗaure da shi. Motar da aka sauya mata kome da kome ta yi kyau a ido, amma ta zama kwaikwayo.

Bin Sawu A Takarda

Kowace motar sojan Ingila tana da lambar ƙidaya da ake rubutawa a ƙofa ko bonet, da harafi a gabanta: L ga babbar mota, Z ga ƙaramar akori-kura, M ga motar shiga, A ga motar asibiti. Idan ta sojan Kanada ce sai a ƙara C a gaba. Akwai jerin da babbar ma'ajiyar kayan soja ta Chilwell ta shirya a 1944, wanda ke nuna kamfani da irin mota da kwangilar da kowane rukunin lambobi ya faɗa. A 1949 aka sake tsarin lambobin gaba ɗaya, kuma katunan da ke haɗa tsohuwar lamba da sabuwa, tare da lokacin da aka sallami mota, suna gidan tarihin Royal Logistic Corps a Ingila. Sai dai motar da aka sayar kafin wannan shekara ba ta shiga waɗannan katuna ba.

Alamar runduna ita ce ke kai mai bincike ga mutane. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na Bama, alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Runduna ta 82, wadda ta yi yaƙi a Arakan, alamarta māsu biyu ne a gicciye bisa gammo, don tunawa da 'yan dako da suka ɗauki kayan yaƙi a ka inda mota ba ta iya shiga. Sunayen barikokinmu kamar Arakan da Myohaung da Dodan a Legas, da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga wannan fage suka samo asali. Wanda ya gano rundunar motarsa sai ya nemi littattafan da kowace bataliya ke rubuta al'amuranta na kullum, waɗanda ke ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila a Kew: jerin WO 173 na Afirka ta Yamma ne, WO 172 kuwa na fagen Bama da kewaye.

A nan ne ake bukatar taka-tsantsan. Waɗannan littattafai sukan faɗi inda bataliya take da abin da ta yi, amma ba safai suke ambaton lambar mota ɗaya ba. Ma'aikatun gyara na soja sukan ɗora injin wata mota a kan wata, su sauya ƙofofi, su sake fenti. Don haka ƙofa mai gizo-gizo tana tabbatar da tarihin ƙofar ne, ba lalle na motar ba, sai lambar shasi da sauran shaidu sun goyi bayanta. Mai gaskiya yakan raba abin da ya tabbatar da abin da yake zato. Wanda ya zana alamar shahararriyar runduna a motarsa don ta yi tsada ya cuci masu saye, ya kuma cuci tarihi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

A ƙasar nan babban abokin gāban waɗannan motoci shi ne ma'aunin 'yan gwangwan, inda ake yanka ƙarfe a sayar da kilo ba tare da an duba lambar da ke jikinsa ba. Sojojin da suka tuƙa su kuwa, wanda ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943 ya cika shekara 100 a 2025, saboda haka abin da ya saura sai takardun sallama da hotuna da lambobin yabo a akwatunan iyalansu.

Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, akwai ma'ajiyar takardun tarihi a Kaduna da Ibadan da Enugu. Ya kamata ma'aikatun ayyuka da ƙananan hukumomi su sanar da waɗannan wurare kafin su yi gwanjon tsofaffin motocin da ke yashe a harabarsu. Ɗaliban tarihi da na kwalejojin fasaha kuwa suna iya farawa da abin da bai fi ƙarfinsu ba: su ɗauki hoto, su kwafi lambobi, su rubuta abin da dattawan unguwa suka sani game da motar. Ko da ƙarfen ya tafi tukunyar narkawa daga baya, shaidar ta tsira.